Guga Ya Dawo, Kashi Na Biyu

A tsakar gidanmu da ke unguwar New Bell akwai wani shafen siminti mai faɗin tabarma, wanda baƙo yakan ɗauka dakalin shanya ne. Mu ma a kansa muke shanya barkono. Rijiya ce a ƙarƙashinsa. Mahaifinmu Malam Sali ne ya haƙa ta da hannunsa, don haƙar rijiya ce sana'ar da ya zo da ita Douala daga ƙasar Katsina, kuma rabin rijiyoyin unguwar Hausawa aikinsa ne. Yayana Tanko shi ya rufe ta, kwana bakwai bayan rasuwar Baba, a shekarar 1977. Duk unguwa ta san dalili, ko kuwa in ce tana tsammanin ta sani: Tanko ya je sinima ya kalli fim ɗin aljanin rijiya, ya dawo gida da zuciya a tsinke.

Shekara goma sha bakwai ana yi masa dariya a kan haka. Abokansa na majalisa, in yana zuwa, sai wani ya ce a ɓoye guga ga Tanko nan. Bai taɓa tanka wa kowa ba. Ni kaina na sha yi masa gori, kuma nawa ya fi na kowa zafi, don ni bakina ba shi da linzami tun ina ƙarama. Sunana Ikilima, ni ce autar gidan.

Ba mu ji rashin rijiyar sosai ba sai da shekarun matsi suka kama mu, abin da masu Faransanci ke kira la crise. A farkon 1994 aka wayi gari kuɗinmu ya koma rabin darajarsa. Yaya Tanko da ma an sallame shi daga aikinsa na tashar jiragen ruwa tun shekarar da ta gabata, yana zaune a gida yana gyara rediyon da ba ta lalace ba. Ni kuma mijina ya rasu, na dawo gidan ubana da 'ya'yana mata biyu, ina toya waina a ƙofar gida. 'Yan kasuwar Marché Congo ne masu sayen wainata, da safe kafin su buɗe rumfa. Sana'ar waina kuwa ruwa take ci: wankin shinkafa, jiƙo, wankin tanda da kwanuka. Famfon gidanmu yakan yi kwana huɗu yana tari babu ɗigo. Ga Douala, garin da ruwan sama ke shigo maka har ƙarƙashin gado, amma ni da Hadija matar Yaya muna tsallaka layi uku da jarka a ka. Kullum in na dawo wuyana na ciwo sai na bi ta kan simintin nan, ina jin ruwan ubana yana kwance a ƙarƙashin ƙafata. Wannan shi ne rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wata rana na kasa haƙuri. Na dire jarka a gabansa na ce ya fasa simintin nan, ko ni in nemo masu fasawa. Na ce ɗan mahaƙin rijiya da tsoron rijiya abin kunya ne, kuma aljanin da ya yi shekara goma sha bakwai a rufe, in ma akwai shi, ai yunwa ta kashe shi. Ya bar ni na gama. Sannan ya gaya mini, a hankali kamar mai ba da labarin wani, cewa ba sai na wahala ba, don ya riga ya yi magana da wani Alhaji, sabon zuwa daga Kano, mai neman wurin ajiye atamfofi kusa da kasuwa. Za a sayar da gidan, mu sayi fili a Yassa, can hanyar Yaoundé. Alhajin zai zo ranar Litinin a ƙarasa magana.

Yassa a lokacin daji ce da 'yan gidaje jefi-jefi. Wa zan sayar wa waina a can, birai? Ina da rabona a gidan, gaskiya ne, amma rabon mace ɗaya a gidan katako da kwano ba ya tsayar da ciniki in babban wa ya ce a sayar. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin bakina, don ni na tura shi bango. Abu ɗaya ya ɗan kwantar mini da hankali: Hadija ta raɗa mini cewa bai gama yanke shawara ba, dare biyu yana juyi, in aka bi shi a hankali zai iya ce wa Alhajin ya dakata.

Ana cikin haka sai Ɓoɓɓo ya jawo mana sabuwa. Ɓoɓɓo Bafulatani ne daga Garoua, shi ke haya a zauren gidanmu. Ya zuba benci shida, ya ɗora talabijin a kan tebur, ya rufe tagogi da buhu, yana nuna fina-finan bidiyo duk rana da yamma in akwai wuta. Tsakanin zauren da ɗakin Yaya Tanko katako ne kawai, ko tari aka yi a fim sai an ji a ciki. Ranar Asabar da safe ina juya waina na ga ya fito da allonsa ya jingine a bango. Da alli ya rubuta, manya-manya: GUGA YA DAWO, kashi na biyu, gobe Lahadi bayan La'asar.

Wannan shi ne sunan da unguwa ta raɗa wa fim ɗin da Tanko ya kalla a 1977. Sunansa na Turawa babu wanda ya riƙe. Ni ma na kalli na farkon, shekara biyu da suka wuce, ta bayan labulen ƙofar zaure, wata rana da Yaya yana wurin aiki, don in ga abin da ya mayar da namiji haka. Zan faɗi gaskiya, na raina kaina ranar. Labarin wasu mutanen ƙauye ne da rijiya a bayan gida. Kowace safiya sai su tarar an jawo guga an ajiye a bakin rijiyar, babu wanda ya ja, a ciki kuma akwai wani abu na wanda ya mutu a gidan: yau hula, gobe takalmi ƙafa ɗaya, jibi matajin kai. Daga baya sai murya ta fara kiran sunan mutane daga ƙasa, a hankali, irin kiran da uba ke yi wa ɗansa in yana son a miƙo masa wani abu. Wanda ya amsa ba ya kai gobe. Tun daga farko har ƙarshe ba a nuna mai kiran ba. Igiya kawai ake nunawa tana motsi ita kaɗai, da ƙarar itacen bakin rijiya. Babu kiɗa, babu ihu. Na yi kwana uku ba na iya leƙa randa, amma ban gaya wa kowa ba, na ci gaba da yi wa Yaya gori.

To, in na farko haka yake, ina ga na biyu? A tunanina, mai yin abu karo na biyu ai ya ƙara ƙwarewa. Na hango Yaya Tanko kwance a ɗakinsa ranar Lahadi, muryar nan tana ratso katako tana kiran sunaye, gari ya waye Alhaji ya zo da alƙalami. Na bar waina tana ƙonewa na tare Ɓoɓɓo. Na roƙe shi ya ɗaga zuwa wani mako, ko ya sa na Indiya, ko na 'yan dambe. Ya ce kaset ɗin na kwana ɗaya aka ba shi, daga unguwar Akwa ya karɓo, kuma tun jiya samari ke tambaya.

"Adda Ikilima, pardon," in ji shi, "crise ɗin nan ba ta san makwabci ba. In ban nuna ba, na layin baya zai nuna."

Na ce masa in aka sayar da gidan sai ya je ya nuna wa atamfofi fim. Na kira shi sunaye biyu uku da ba zan maimaita ba. Ya yi dariya ya ce zai rage murya. Na san ƙarya yake, talabijin ɗinsa maɓallin murya ya daɗe da karyewa.

Dabara ta gaba, na sa Hadija ta ce wa Yaya ya raka ta unguwar Bali ranar Lahadi gaida ƙanwar mahaifiyarta da ba ta da lafiya. Ya ce ta gaishe ta. Ashe ya ga allon tun safe.

Ranar Lahadi na yi ta addu'a a ɗauke wuta. Wutar da ke tafiya sau uku a yini, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da aka idar da La'asar, Yaya Tanko ya dawo daga masallaci, bai shiga ɗakinsa ba. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon simintin, ya gyara hularsa, ya zaga ta waje ya shiga zauren Ɓoɓɓo kamar kowane mai kallo. Na ruga na tsaya bayan labulen ƙofar ciki, inda nake iya ganin talabijin da gefen fuskarsa. Da samari suka gan shi, wani ya matsa ya ba shi bakin benci na gaba. Ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, kamar wanda ya zo karɓar hukunci.

Fim ya fara da kiɗa mai ƙarfi, abin da na farko bai yi ba. Wasu samarin birni ne da 'yan mata suka zo tsohon gidan nan a mota, suna shewa. Ba a yi minti goma ba sai ga hayaƙi kore yana tasowa daga rijiyar, sai ga aljanin da kansa ya leƙo. Na rufe ido, na buɗe ɗaya. Wani ƙato ne sanye da fatar roba, haƙoransa kamar manjagara, kunnensa ɗaya ya lanƙwashe. Yana tafiya fatar tana naɗewa a gwiwarsa kamar wandon aro. Sai wani daga baya ya ce wannan ai ya yi kama da mai naman layinsu in an hana shi canji. Dariya ta fashe.

Daga nan fim ya zama wasa. Aljanin da a na farko ko inuwarsa ba a gani ba, a nan sai ga shi a kicin, ga shi a bayan mota, ga shi a kan rufi. 'Yan matan ba su da aiki sai ihu da faɗuwa. Muryar da ke kiran suna ma an mayar da ita gurnani kamar injin niƙa ya cije. Samari suna ba jaruman shawara da Hausa da Faransanci, wani yana cewa ku gudu, wani yana cewa ku tsaya ku tambaye shi inda ya ɗinka rigar. Na ji wani sanyi yana sauka a ƙirjina. Ban taɓa murnar lalacewar aikin wani ba kamar ranar. Na ce a raina Allah ya yi wa wanda ya shirya wannan shirme albarka.

Yaya Tanko bai yi dariya ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka. Can sai na ji yana gunaguni. Ba aljanin ne ya dame shi ba, rijiyar ce. Ya ce wa na kusa da shi wannan ba rijiyar farko ba ce, waccan mutum ɗaya take ɗauka, wannan kuwa ko saniya ta yi juyi a ciki. Ya ce dubi bangon, babu ko matakin ƙafa ɗaya, wanda ya gina ta bai taɓa shiga rami ba. Da wata yarinya ta jefa guga ta jawo shi a ja biyu, ya yi tsaki ya ce rijiya mai zurfin da suka nuna ba ta kasa ja ashirin. Samari suka fara zuga shi, suna cewa faɗa musu, Baba Tanko. Shekara goma sha bakwai ban ji ya yi maganar rijiya ba, sai ga shi yana koyar da zaure guda yadda ake ɗaure guga.

Wajen ƙarshen fim, jarumin ya yanke shawarar shiga ya ƙone aljanin a gidansa. Ya ɗaure igiya a itace, babu kowa a sama, ya zura ƙafa ya sauka. Ya yi abin da zai yi a ƙasa, wuta ta tashi, sannan ya kama igiyar ya hauro da hannu, ya fito yana murmushi, ko haki ba ya yi. Samari suka tafa.

Yaya Tanko ya miƙe tsaye.

"Ƙarya ne," ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Wanda ya shiga babu mai igiya a sama, ya hauro da ƙarfin hannunsa, zuciyarsa ce take fashewa. Ba ya murmushi. Ba ya kai Magariba ma. Ni na sani."

Ya fita. Samari suka ɗauka ci gaban wasan ne, suka yi dariya. Ni kuwa na tsaya riƙe da labule, maganar tana juya mini a kai. Baba kafin Magariba ya rasu.

Sai in koma baya kaɗan, don a gane abin da na gane a lokacin. Baba yana da igiya biyu. Akwai ta guga, siririya, wadda kowa ke taɓawa. Akwai kuma igiyar shiga, mai kauri, ta rama, da ƙulli a kowane kamu, wadda ke rataye a zaure. Ita ba a ɗibar ruwa da ita, ba a ɗaure akuya da ita, ba a sauko da ita sai in mutum zai shiga rami. Kuma Baba ba ya shiga sai da mai igiya a sama, wanda zai ji saƙo a hannunsa: ja ɗaya a sassauta, ja biyu a ɗauke guga, ja uku a fitar da ni. Tun Tanko yana shekara goma sha huɗu shi ne mai igiyar Baba. Ranar da Baba ya rasu, sun shirya yasar rijiyar gida bayan Azahar, Tanko ya sulale ya tafi sinima.

Na tarar da shi zaune a kan simintin, ya ture barkonona gefe. Na zauna kusa da shi. Na tambaye shi abin da ya gani ranar da ya dawo daga sinima. Ya ce ya tarar da gida cike da mutane, an riga an shigar da Baba ɗaki an rufe shi. Shi kuma idonsa bai sauka a kan komai ba sai igiyar shiga, ɗaure a itacen bakin rijiya, jiƙe sharkaf har ƙarshenta, ga takalman Baba a gefe. Makwabta ba su lura ba, don ba su san bambancin igiya da igiya ba. Shi ya sani. Baba ya jira shi bai zo ba, ya shiga shi kaɗai, ya hauro shi kaɗai, yana da shekara sittin. A daidai lokacin shi yana zaune a sinima yana jin wani uba yana kiran ɗansa daga rijiya.

"Gara a ce mini matsoraci," ya ce, "da a san abin da na yi."

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Na ce, "Yaya, Baba bai shiga ba."

Ya juyo ya kalle ni.

Na ba shi labarin da ban taɓa ba kowa ba. Ranar ina shekara goma sha ɗaya, Inna ta tafi suna, ni da Baba kaɗai ne a gida. Na je ɗibar ruwa, guga ya kuɓuce mini da igiyarsa gaba ɗaya ya faɗa. Na zauna ina kuka don na san dukan da Inna za ta yi mini. Baba ya fito, ya duba, babu wata doguwar igiya a gidan sai ta shiga. Ya sauko da ita, ya ɗaure a itace don kada ita ma ta bi guga, ya sa ƙugiya a bakinta, ya cire takalmi saboda santsi, ya yi ta lalube har ya kamo gugan. Ya kwance ƙugiyar ya ba ni ya ce in mayar da ita kan ƙusa, in ajiye guga inda yake, kada Inna ta gane, wannan tsakaninmu ne. Ya ce igiyar zai naɗe ta in ya huta, don ƙirjinsa na yi masa nauyi tun safe. Ya zauna a inuwa ya ce in kawo masa buta. Kafin in dawo ya kife. Na yi ihu, makwabta suka shigo, wata ta ja ni gidanta. Babu wanda ya tambayi yarinya komai, ni kuma na ja bakina na yi shiru, don ina ganin gugana ne ya gajiyar da shi.

Yaya Tanko ya tambaye ni ko Baba ya neme shi.

Na ce ya neme shi sau ɗaya, bayan Azahar. Ni ce ma na kai ƙara, da son a dake shi, na ce na ga ya bi hanyar sinima. Baba ya yi dariya. Na faɗa masa maganar yadda Baba ya faɗe ta, don ban manta ko kalma ɗaya ba: "Bar shi ya kalli abinsa. Rijiya ba ta gudu. Ni dai ba na shiga sai mai igiyata yana sama."

Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin kuka mai daɗin ji kamarsa ba. Ni ma na yi nawa. Hadija ta dawo daga Bali ta tarar da mu zaune cikin barkono muna share hawaye, ta ɗauka yajin ne, ta fara yi mana faɗa. Da na ce masa ya yafe mini shirun da na yi da gorin da na yi masa, sai ya ce ni ma in daina ɗora wa gugana laifi, ciwon ƙirjin Baba ya fi shekara, Inna ce ta hana a gaya wa yara. Ashe kowannenmu yana riƙe da rabin labarin, muna gida ɗaya, muna cin tuwo ɗaya.

Ranar Litinin da hantsi Alhajin Kano ya yi sallama, ya tarar da Yaya Tanko ya tuɓe riga yana dukan siminti da guduma. Yaya ya ajiye gudumar, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi haƙuri da kyau, ya ce magana ta canja. Alhajin mutumin kirki ne, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ci waina biyar ya tafi. Ni na ƙara masa biyu a takarda.

Da simintin ya buɗe, wani wari mai sanyi ya taso. Yaya ya hana kowa leƙawa. Ya kunna fitila ya zura ta da zare, ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya ce iskar ciki ta lalace, sai ta sha kwana uku a buɗe. Kullum safe da yamma yana ɗaure ganyen kwakwa yana zurawa yana jawowa don iska ta juya, kamar yadda Baba ke yi. A tsakanin nan ya je Marché Congo ya sayo sabuwar igiya, don ta Baba da ya ɓoye a buhu a ƙarƙashin gadonsa ta ruɓe, taɓa ta ka yi sai ta zube. Ya zauna a zaure yana ƙulla ta kamu-kamu, Ɓoɓɓo yana kallonsa.

Ɓoɓɓo ne ya tambaye shi, tsakanin na farko da na biyu wanne ya fi. Yaya ya ce ai ba a haɗa su. Na farko masu hankali ne suka yi shi, sun san abin da ba ka gani ba shi ke bin ka gida. Na biyu kuwa sun nuna komai, ba su bar wa mutum abin da zai tafi da shi ba, ko rijiya ba su iya ginawa ba. Ya ja ƙulli ya ƙara da cewa amma shi in za a sake nuna ɗaya, na biyun zai shiga. Ɓoɓɓo ya juyo ya kalle ni yana jiran in ba shi haƙuri a kan sunayen da na kira shi. Na ce masa ya ci gaba da jira.

Ranar Alhamis fitila ta sauka har kan ruwa ta dawo tana ci. Yaya Tanko ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya zagaya ta a itacen da ya kafa, ya miƙo mini. Na ce ya ba Ɓoɓɓo da makwabcinmu Abdurrahim, su ne masu ƙarfi. Ya ce su za su tsaya a bayana su riƙe nauyi, amma hannun gaba, mai jin saƙo, na gida ne. Ya maimaita mini: ɗaya a sassauta, biyu guga, uku a fitar da shi. Na ce na sani tun kafin ya fara gemu. Ya yi bisimilla ya zura ƙafa, yana laluben matakan da Baba ya sassaƙa a bango, har kansa ya ɓace.

Igiyar tana tafiya a tafina ƙulli bayan ƙulli. 'Ya'yana suna tsaye nesa inda Hadija ta tsare su. Na kalli itacen, na kalli inuwar da Baba ya zauna, idona ya cika har ban ga komai sosai ba. Ashe an ja sau biyu ban ji ba. Sai murya ta taso daga can ƙasa, a hankali, tana amsa-kuwwa a bango.

"Ikilima."

Ɓoɓɓo da ke bayana ya ce a'uzubillahi, saura kaɗan ya saki igiya.

Na share ido da kafaɗa, na leƙa, na ce, "Na'am, Yaya."

"Barci kike yi? Ɗauke guga, ya cika."

Na ja igiyar guga. Ya taso da nauyi, cike da baƙar laka, ruwa yana zuba ta gefensa a kan ƙafafuna.